Ranar da na ga muryata da idona

Ban ji zafi ba ko kaɗan. Ina tsaye gaban amarya da ango a wani ɗakin taro a Kano, na ɗauko baitin da nake ɗaga murya in yi wa uwar amarya kirari, sai na ji kamar zare ya tsinke a cikin wuyana. Na buɗe baki, iska kawai ta fita. Yaron da ke kaɗa mini fiyano ya ɗago kai ya dube ni, na yi masa alama ya ƙara kiɗa, na sakar wa 'yan amshi baitin, ni kuwa na koma rawa da ɗaga hannu har aka tashi. Cikin mahalarta babu wanda ya gane. Uwar amarya ma ta taso ta liƙa mini 'yan tsofaffin ɗari biyu-biyu tana cewa na burge ta.

Asabar ɗin da ta biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023 ke nan. Duk wanda ke cin abinci da maƙogwaro a Kano zai tuna wannan lokaci, domin abubuwa uku ne suka haɗe mana. Ga kamfen, ga watan Sha'aban da kowa ke gaggawar aurar da 'yarsa kafin azumi, ga kuma wahalar takardun kuɗi saboda canjin naira. Liƙi ya mutu murus. Wurin da da za ka tashi da abin cefanen mako, sai a yi ta ce maka "kawo lambar asusu", kuɗin kuma su maƙale a hanya. Abin da biki ɗaya ke kawowa sai ka yi uku kafin ka haɗa shi. Da rana ina kan buɗaɗɗiyar mota cikin ragowar ƙurar hunturu ina rera waƙar ɗan takara, da yamma kamu, da daddare dina, daga can in zarce situdiyo a Titin Gidan Zu in ɗora muryar waƙar da aka biya tun makon jiya. Shekara goma sha ɗaya ina waƙa, ban taɓa yin aiki irin na waɗannan makonni ba.

Gaskiya muryar ta daɗe tana yi mini kashedi. Tun watan Janairu nake tashi da safe da ita a dishe, sai wajen azahar take washewa. Saman murya, inda nake cin kasuwata, ya fara yi mini nauyi, sai na yi yunƙuri jijiyoyin wuya sun tashi kafin in kai. Amma a sana'armu ba a faɗin irin wannan. Ranar da aka ji cewa muryar wane ta fara tafiya, ranar za a kira wani. Mai situdiyo kuwa yana da na'urar da ke miƙe karkatacciyar murya, sai ya gyara ya ce ai babu komai. Na bi abin da kowa ke bi: zuma da lemon tsami, shayin citta da kanumfari da masoro, alawa mai sanyaya maƙoshi aljihu guda. Da abin ya ƙi, wani abokin sana'a ya kai ni wani kemis aka yi mini allurar da suke kira dekza. Wallahi kamar tsafi. Washegari murya ta fito tangaran. Na yi ta sau uku cikin makonni biyu, ina haɗawa da asfirin saboda ciwon kai da rashin barci. Allura ta uku, ranar Juma'a aka yi mini ita. Asabar zaren ya tsinke.

Da hankali ne, da daga wannan dare na yi shiru. Sai aka ɗage zaɓen gwamna daga 11 ga Maris zuwa 18, aka ƙara mana mako guda na kamfen, ni kuma na riga na karɓi kuɗin mutane na kashe. Na riƙa hawa mota ina bin faifan da na ɗauka tun da farko da baki, in an zo wurin kirari in matse abin da ya rage. Na ce wa kaina azumi na tafe, wata guda babu biki babu kiɗa, murya za ta huta ta dawo.

Aka ɗauki azumi ranar 23 ga Maris. A nan ne maganar ta koma hannun dangi. Ni ne ɗan fari, Inna ba ta kama sunana, sai dai ta ce "kai wannan". Ta zaunar da ni ta ce, "Kai wannan, bakin mutane ne. Ka yi suna da wuri, ka sayi fili, ka zata kowa murna yake yi?" Ta sa aka yi mini rubutu, kullum bayan shan ruwa ƙanena ya kawo a jarka. Na sha, kuma har yau ban ga laifin hakan ba, addu'a ba ta ɓata komai. Wanda ya kusa jefa ni a rami kawuna ne. Ya zo da wanzami har gida, wanzami ya danne mini harshe da cokali ya leƙa ya ce hakin wuya ne ya yi tsawo, a cire shi yau, jibi in yi waƙa. Har an shimfiɗa tabarma. Maiɗakina ce ta kira ni ɗaki ta ce, "Abban yara, don girman Allah kada ka bari a sa maka ƙarfe a wuya kana azumi. A bari sai bayan Sallah." Da wannan dabara ta kuɓutar da ni ba tare da kawu ya ji an raina shi ba.

Sallah ta zo ranar 21 ga Afrilu. Kwana uku bayanta na kulle kaina a situdiyo ni da yaron fiyano, na gwada waƙar da ko cikin barci aka tashe ni zan rera. Murya biyu ce ke fita lokaci guda, ɗaya ƙasa ɗaya sama, kamar tsagaggiyar sarewa. In na ja numfashi, kafin rabin baiti ya ƙare. Yaron ya kashe fiyano bai ce komai ba. Ranar na yi kuka.

Asibitin farko da na je ƙarami ne na unguwa. An haska mini fitilar waya a baki, an ce sanyi ne, an rubuta ƙwayoyin kashe cuta na kwana bakwai da maganin tari. Na shanye tas, babu abin da ya canja. Da na koma na tarar da wani likitan daban, matashi. Ya tambaye ni tun yaushe. Na ce wata biyu ke nan, in an haɗa da dishewar safe kuwa wata huɗu. Ya ajiye biro. Ya ce duk muryar da ta dishe ta wuce mako uku zuwa huɗu ba ta dawo ba, ba a ci gaba da ba ta magani a makance, sai an leƙa an ga wurin, kuma daga baki da fitila ba a hango shi. Ya rubuta mini takardar turawa zuwa sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Ya ce ko dai babban asibitin koyarwa, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, in tafiyar ba za ta yi mini wuya ba. Na zaɓi na kusa.

Wanda bai taɓa neman ganin babban likita a asibitin gwamnati ba, ya tanadi haƙuri. Rana ta farko ta tafi wajen yankar kati da buɗe fayil. Aka ba ni ranar dawowa bayan kwana goma sha biyu, domin sashen ba kullum yake ganin masu zuwa daga waje ba. Ranar na isa kafin ƙarfe bakwai na safe na tarar da mutum ashirin da wani abu a gabana: yara masu ciwon kunne, wata tsohuwa mai maƙoƙo, wani dattijo da bututu a wuyansa yana toshe shi da yatsa in zai yi magana. Na sa takunkumi da hula na ja ta har gira, wai kada a gane ni. Babu ma wanda ya kalle ni.

Likitan, babban mutum mai furfura a gemu, bai taɓa wuyana ba sai da ya shafe kusan minti goma sha biyar yana tambaya. Awa nawa nake waƙa a rana. Ko ina jin kaina a sifika in ina kan dandamali, ko ƙure murya nake yi don in rinjayi kiɗa. Taba, shisha, goro. Ƙarfe nawa nake cin abincin dare, ƙarfe nawa nake kwanciya. Ko ina ƙwannafi, ko ina tashi da ɗaci a baki. Tari, zufar dare, rama, tofar da jini, wahalar haɗiya. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni murya ce kawai damuwata." Ya ce, "Malam, dishewar murya ƙofa ce mai ɗakuna da yawa. Akwai gajiya, akwai tsiro, akwai tarin fuka da ke sauka a maƙogwaro, akwai shanyewar jijiya, akwai daji. Sai na san ɗakin da muke." Da na ambaci allurar kemis da asfirin, ya rubuta ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Ya fara gwadawa da ɗan madubi mai dogon mariƙi, ya ɗumama shi, ya kama harshena da ƙyalle ya ja, ya tura madubin can ƙurya. Na yi ta kakarin amai, hawaye na zuba, bai ga abin kirki ba. Ya ce sai da kyamara. Na je na biya, na dawo da rasit, aka shigar da ni wani ɗaki mai allon talabijin. Ma'aikaciyar jinya ta fesa mini wani magani mai ɗaci a hanci, ya gangara maƙoshi, wurin ya mutu kamar ba jikina ba. Sai likita ya ɗauko wata baƙar igiya siririya, ba ta kai kaurin fensir ba, da 'yar fitila a bakinta, ya zura ta ƙofar hancin dama a hankali. Babu zafi, sai dai wani irin matsi da ke sa ido ruwa. Duka-duka abin bai fi minti uku ba.

Ya juyo da allon ya ce in kalla. Ga wasu farare guda biyu kamar leɓɓa, sun haɗe ta gaba sun buɗe ta baya, in na ja numfashi su ware, in na ce "iiii" su matso su haɗu. Ya ce su ne tantanin murya, suna bayan zakaran wuya daidai, a bakin hanyar iska. Tsawonsu a namiji bai wuce santimita biyu da 'yan kai ba, na mace bai kai haka ba. In namiji yana magana suna bugun juna sau ɗari da wani abu a daƙiƙa ɗaya, na mace wajen ɗari biyu, in kuwa aka ɗaga murya a waƙa abin ya ninka. Na tsaya ina kallo. Shekara goma sha ɗaya wannan ɗan naman da bai kai gaɓar yatsa ba yake ciyar da gidana, ya yi wa ƙannena biyu aure, ya sayi fili, ban taɓa sanin kamanninsa ba.

Na hagun ba fari ba ne. Gefensa akwai wani jan ƙullutu kamar ƙwayar dawa, yana lilo, duk sanda biyun suka zo haɗuwa sai ya shiga tsakani ya bar kafa. Ta wannan kafar iskata ke zurarewa, shi ya sa numfashi ba ya kai ni ƙarshen baiti, shi ya sa kuma murya ke fita biyu, don ɗaya ya fi ɗaya nauyi ba sa kaɗawa tare. Likita ya ce alamu sun nuna wata 'yar jijiyar jini ce ta fashe a daren nan, jini ya kwanta a cikin tantanin. Da na yi shiru ɗif na kwanaki a lokacin, da wataƙila jiki ya shanye shi. Da na ci gaba da bugunsa, sai ya dunƙule ya zama tsiro. Allurar kemis, in ji shi, kumburi take saukarwa, ba ta warkar da komai. Kumburin kuwa shi ne ɗan aiken da ke ce maka ka tsaya, ka kori ɗan aike ka ci gaba da gudu. Asfirin kuma yana hana jini daskarewa da wuri. Na haɗa wa kaina biyun a mako guda.

Ya nuna mini bayan maƙogwaron ya yi ja ya kumbura, ya ce wannan aikin ruwan ciki ne mai tsami da ke tasowa in na kwanta. Na tuna taliya da ƙwai da yaji da nake ci wurin mai shayi ƙarfe biyun dare, ko tsire, in shiga gida in faɗi a katifa.

Na tambaye shi zuma fa, da citta. Ya yi murmushi ya nuna wani abu kamar ganye a saman hoton. Ya ce wannan murfi ne, duk sanda ka haɗiyi abu sai ya rufe hanyar iska, abincin ya bi ta baya ya wuce ciki. Da zuma za ta taɓa tantanin murya, da ka ƙware ka yi ta tari. Tana sanyaya maƙoshi, ba ta da laifi, amma ba ta isa inda ciwon yake. Abin da ke isa can biyu ne: ruwan da ka sha ya ratsa jiki, da tururin da ka shaƙa. Na ba shi labarin wanzami. Ya ce hakin wuya yana can sama a bayan ganɗa, tsakaninsa da wannan tsiro akwai tafiya, da an yanke shi da na sami rauni biyu maimakon ɗaya, ban da haɗarin zubar jini.

Bai yi gaggawar wuƙa ba, kuma na ga girmansa a nan. Ya ce a gwada mako shida tukuna. Babu waƙa sam. Magana kaɗan, cikin murya ta yau da kullum. Abin da ya fi ba ni mamaki, ya hana ni raɗa, wai ta fi magana a hankali takura tantanin. Ya hana gyaran murya, wannan "ehem-ehem" da muke yi kafin kowane baiti, ya ce kamar tafi ne da rauni. In na ji abu ya tsaya in kurɓi ruwa in haɗiye. Sirace da ruwan zafi zalla safe da yamma, ba tare da an zuba man shafawa mai yaji a ciki ba. Ƙwayar rage tsamin ciki rabin awa kafin karin kumallo. Tsakanin abincin dare da kwanciya awa uku. A sa bulo a ɗaga kan gado. Ya tura ni hoton ƙirji, ya fito lafiya.

Sannan ya haɗa ni da wata malama mai koyar da sarrafa murya da magana. Irinsu ba su da yawa a ƙasar nan, sai da na jira mako biyu kafin in sami zama da ita. Na shiga ina tunanin me za ta koya wa wanda ya shekara goma sha ɗaya yana waƙa. Ta sa ni na kwanta ta ɗora littafi a cikina ta ce in ja numfashi. Littafin bai motsa ba, kafaɗuna ne suka tashi. Ta ce, "Malam, da wuya kake waƙa, ba da ciki ba." Ta ba ni bututun shan lemo da kofi mai ruwa rabi, in sa bututun a ruwa in riƙa hura sauti a hankali ruwan na ɓulɓula, in hau in sauka, minti biyar sau da yawa a rana. Ta koya mini guɗa da baki rufe har in ji leɓɓa da hanci suna tsuma. Yarana suka mayar da abin wasa, kowa ya nemo bututunsa, tsakar gida ta cika da ɓul-ɓul.

Bayan mako shida aka sake zura kyamara. Jan bayan maƙogwaro ya ragu sosai, maganata ta ɗan washe, amma ƙwayar dawa tana nan daram. Likita ya ce da a ce kanta ce, wato ɗan taurin nama irin wanda ke fitowa a tantani biyu daura da juna, wanda malaman makaranta da masu talla ke yawan samu, sau da yawa horo kaɗai kan baje shi. Irin wannan tsiro na gefe ɗaya da ya daɗe, da wuya ya tafi sai an cire.

Na ce, "Ranka ya daɗe, tsakaninka da Allah, in an yi zan koma waƙa?" Ya ce shi ba ya sayar da tabbas. Ya kawo mini misalin mawaƙiyar Ingila Adele, wadda jini ya fashe mata a tantanin murya a 2011 aka yi mata aiki a Boston ta Amurka ta dawo tana waƙa. Ya kuma kawo na Julie Andrews, wadda aka yi wa aiki a 1997 muryar waƙarta ba ta koma yadda take ba. Ya ce abin tsoro a wannan aiki tabo ne. Saman tantanin laushi gare shi, yana kaɗawa kamar tuta a iska, in ya yi tabo ya sandare babu mai mayar da shi. Don haka za a ɗauke tsiron kaɗai a bar lafiyayyen nama, sauran aikin kuma nawa ne, in iya bakina bayan an gama. Na yi istihara, na shawarci Inna. Ta yi shiru can ta ce, "Tunda an gani da ido, a cire. Allah ya sa a dace." Na sayar da babur ɗina, ga shi lokacin an cire tallafin mai komai ya tashi, maigidana a harkar waƙa ya cika sauran.

Bayan Babbar Sallah aka sa rana. Gwajin jini, gwajin zuciya, ganin likitan da ke sa barci a tiyata, wanda ya sa na buɗe baki ya duba haƙorana ɗaya bayan ɗaya ya tambaya ko akwai mai girgiɗi, domin ta baki ake zura ƙarfen da ke buɗe hanya, yakan iya taɓa haƙori. Na sa hannu a takarda. Daga sha biyun dare babu ci babu sha. Da safe aka tura ni tiyata, aka sa allura a bayan hannu, ina cikin karanta Ayatul Kursiyyu ban san inda na tsaya ba. Ba a tsaga wuya ba, ko ɗinki ɗaya babu a waje. Da madubin ƙara girma da wasu 'yan almakasai masu dogon hannu aka yi komai, cikin ƙasa da awa guda. Na farka harshena ya yi nauyi, muƙamuƙi na ciwo, ga maiɗakina tsaye ta ɗora yatsa a leɓenta tun kafin in buɗe baki. Abin da aka cire an sa a kwalba an kai ɗakin gwaji. Sai bayan mako biyu sakamako ya fito cewa ba mugun tsiro ba ne, kuma waɗannan makonni biyu ban yi barcin kirki ba.

Kwana bakwai aka ce kada in furta ko harafi. Duk wahalar da na sha a wannan tafiya, babu kamar wannan. Bahaushe bai san shiru ba in an zo dubiya. Mutum zai yi sallama, ya ce ya jiki, ya gida, ya yara, ya ƙarfin jiki, kai kuwa sai gyaɗa kai kamar ƙadangare. Wani dattijon unguwa ya fita yana cewa ɗaukaka ta sa yaron nan girman kai. Daga ranar na rubuta a kwali na rataya a ƙofa: an yi mini aiki a maƙogwaro, likita ya hana magana, a yi mini afuwa da addu'a. Waya na miƙa wa ƙanena. Salla ina bin liman, ina motsa harshe ba sauti. Atishawa da tari ma sai da dabara. Ranar ta huɗu ƙaramar 'yata ta nufi murhu da rarrafe, ihu ya taso mini har maƙoshi, na daki ƙofar langa-langa da ƙafa uwarta ta fito a guje.

Inna ba ta karanta boko. Na ɗauko allon da na yi karatu da shi ina yaro, na riƙa rubuta mata da ajami, ta karanta tana bin layi da yatsa, ta ba ni amsa da baki, in wanke in sake rubutawa. Rabon da mu yi doguwar hira irin ta wannan mako, ni da ita, tun kafin in yi aure. Ita ke ta magana, ni ina saurare.

Rana ta takwas a gaban likita na fara magana. Ya ce in ƙirga ɗaya zuwa goma. Muryar ta fito siririya kamar ta wanda ya tashi daga barci, amma guda ɗaya ce, ba biyu ba. A allon, gefen hagu ya miƙe, ɗan ja-ja kaɗan, biyun suna haɗuwa ruf. Daga nan aka riƙa ba ni magana da awo kamar magani: minti biyar a awa, sannan goma, babu waya, babu kiran yaro daga nesa, babu hira a cikin mota ko kusa da janareta. Na koma wurin malama da bututuna. Sai mako na shida ta bari na rera wani abu, shi ma ƙasa-ƙasa, minti goma, in huta.

A watan Oktoba na karɓi biki na farko, 'yar walima ta mutum ɗari. Na kafa sharuɗɗan da da can kunya za ta hana ni: a ajiye mini sifika a gabana mai juyo da muryata don kada in ƙure, a nisanta janareta, waƙa huɗu zan yi da hutu tsakani, ba zan haɗa da aikin sanƙira ba. Wasu masu biki sun ji haka sun nemi wani, kuma ban riƙe su ba. Na sa yaron fiyano ya sauke kiɗan duk waƙoƙina mataki biyu. Can ƙololuwar da nake kaiwa da, yanzu ina taɓa ta in na yi ɗumin murya sosai, amma ba na zama a kanta, kuma ba kullum take amsa mini ba. A walimar, da aka zo baitin kirarin uwar amarya, na juya na miƙa wa ƙaramin cikin 'yan amshina makirfo, yaro ɗan shekara ashirin mai murya kamar ƙararrawa. Ya kai ta har inda nake kaiwa da. A hanyar komawa gida ya ce mini maƙoshinsa na ɗan yi masa kaushi kwana biyu, ko in nuna masa kemis ɗin nan. Na ce ya zo gida da safe. Ya zo, na kunna masa hoton da na ɗauka da waya daga allon likita, ya kalli jar ƙwayar dawar tana lilo har sau uku, sannan na ba shi bututu da kofi.

Yana cikin ɓulɓula ruwa sai ga ƙanena da jarkar Inna, don har yau ba ta daina sa a yi rubutun ba. Na leƙa na ga rabi ce. Na ce ya koma ya gaya mata likita ya ce in riƙa shan ruwa da yawa, a riƙa cika ta.